Karkataccen Harafin Baba Mai Tuta

Akwai wani mutum da ake kira Mai Burushi, wanda ya shafe shekara ashirin da wani abu yana rubuta allunan hanya da na shaguna. Da gwiwa ta hana shi hawa tsani, sai ya koma ɗakin bayan gidansa yana yi wa masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa alluna. Irin jiragen nan ne da ake shimfiɗa wa layin dogo a kan tebur, a gina musu tasha da gada da gidaje, komai ɗan mitsitsi.

Allonsa bai fi farcen babban yatsa ba. Daga gwangwanin madara yake yanko shi, ya goge, ya sa gilashin ƙara girma a ido, ya riƙe numfashi, sannan ya rubuta da burushi mai gashi uku. Idan hasken la'asar ya shigo ta taga ya sauka a kan teburin, sai ka ga kamar garin gaske kake hangowa daga saman dutse, har ka fara jiran mutanen roba su ɗaga ƙafa su tafi gida.

Gwani ne, kuma ya san gwani ne. Nan matsalar take. Ba ya iya ganin karkataccen layi ya wuce. Matarsa takan ce da za a ba shi sararin sama, sai ya jera taurari sahu-sahu ya ce an yi su a hargitse.

Wata rana da hantsi wata malamar asibiti ta zo da tsohon hoto a cikin ambulan. Ta ce mahaifinta ya yi shekara talatin da ɗaya yana gadin mashigar jirgi, inda titi ya ratsa layin dogo. Shi ke sauke ƙarfen tare hanya, shi ke ɗaga jar tuta, har mutane suka manta sunansa suna kiransa Baba Mai Tuta. Yanzu tsufa ya tafi da tunaninsa. Wata bakwai ke nan bai kira sunan kowa a gidan ba. Ita ce autarsa, amma kullum da safe sai ya gaishe ta kamar baƙuwa, ya tambaye ta ko ta zo lafiya.

Yayyenta sun haɗa masa ɗan tebur da layin dogo da rumfar gadi, ko Allah zai sa ya tuna wani abu. Allon bakin mashigar kaɗai ya rage.

Mai Burushi ya duƙa a kan hoton. Allon na cewa TSAYA KA DUBA, amma rubutun bai yi masa ba ko kaɗan. Haruffan farko manya ne, na ƙarshe sun matsu, harafin A na ƙarshe kuwa ya ƙanƙance ya haura sama kamar mai neman tsallake katanga. Gefe ɗaya na allon ya lotsa. Ya yi tsaki a ransa, ya ce mata ta dawo bayan kwana uku.

Ya yi allo fes, fari tas, jan rubutu a jere kamar sojoji.

Shi da kansa ya kai. Aka gangaro da tsohon a keken guragu har bakin tebur, aka kafa allon, aka kunna jirgi. Ɗan jirgin ya zagayo ya wuce, ya sake zagayowa. Tsohon ya daɗe yana kallo, sannan ya kau da kai ya ce a hankali, "Ba nan ba ne."

Mai Burushi ya ji abin har ƙashinsa. Ya koma ya yi na biyu, ya fi na farko kyau, har da ƙusoshi huɗu ƙanana kamar ƙwayar yashi. Wannan karon tsohon lumshe ido kawai ya yi.

A bakin ƙofa ya ce wa malamar asibitin gaskiya ba laifin aikinsa ba ne, ciwo ne ya yi nisa. Ya ƙara da cewa wanda ya rubuta allon asali ma bai iya riƙe burushi ba, shi taimaka masa ya yi ya gyara.



"Malam, ai Baba ne ya rubuta," in ji ta. "Duk shekara idan ruwan sama ya wanke rubutun, shi ke sake bi da ragowar fenti. Bai taɓa shiga aji ba. Kalmomin nan uku kaɗai ya iya rubutawa a duniya, kuma kullum wuri sai ya ƙure masa."

Mai Burushi ya dawo gida bai iya cin abinci ba. Da ya ba matarsa labari, ba ta yi masa dariya ba kamar yadda ta saba. Cewa ta yi, "Maigida, ba allo aka ce ka yi ba. Hannun mutum aka ce ka dawo da shi, kai kuma ka goge."

Washegari ya ajiye ma'auninsa a aljihun tebur. Ya sa hoton a gaba, ya fara koyon rubutun wanda bai iya rubutu ba. Abin ya ba shi wuya fiye da duk aikin da ya taɓa yi, domin hannunsa ya saba da daidai, da ya saki jiki sai harafin ya miƙe da kansa. Ya ɓata gwangwani goma sha ɗaya. A ƙarshe da hannun hagu ya rubuta, ya fara da manyan haruffa ba tare da lissafi ba, har wuri ya ƙure masa da gaske, harafin A ya matsu ya haura sama. Ya lotsa gefen da ƙusa. Ya tsarma jan fenti da ruwa ya koɗe, ya ɗiga masa tsatsa da bakin allura.

Da la'asar aka kafa shi. Ɗakin shiru, sai ƙarar ɗan jirgin a kan layi, ƙir-ƙir-ƙir, yana fitowa daga bayan tudun kwali.

Tsohon ya matso da fuskarsa. Idonsa ya tsaya a kan allon, ya yi ta kallo, leɓunansa na motsi. Can sai hannunsa na dama ya tashi a hankali, ya tsaya a sama, yatsu a dunƙule kamar mai riƙe da sandar tuta. Bai sauke ba sai da taragon ƙarshe ya wuce.

Sannan ya waiwaya ya dubi 'yarsa, duban wanda ya san wanda yake kallo.

"Auta, matsa baya daga layi, kin ji? Kullum sai na gaya miki."

Ta durƙusa ta kifa kanta a cinyarsa, kafaɗunta na rawa. Shi kuwa shafa kanta yake yi yana mita, wai fentin nan ya koɗe, bana sai ya sake bi.

Mai Burushi ya zare tabarau ya goge ido da hannun riga. Ya ciro burushinsa mai gashi uku daga aljihu, ya sa a tafin tsohon, ya ce, "Ga shi, Baba. Ni almajirinka ne a aikin nan."

Tsohon bai warke ba. Akwai ranakun da yakan sake mantawa. Amma har ya koma ga Mahaliccinsa bayan wata biyar, duk la'asar da aka kunna jirgin sai ya ɗaga hannu, ya kira Auta da sunanta.

Darasi: Ba duk karkatacce ke neman gyara ba. Kafin ka raina aikin wani, tambayi hannun da ya yi shi da abin da ya sha kafin ya yi. Gwaninta ba ta cika sai da ƙanƙan da kai. Idan kana da tsoho a gida, je ka zauna kusa da shi yau, kuma ka tura wannan labari ga wanda kake ƙauna.