Ɗan Idon da Aka Rufe da Kafet

An taɓa yin wani mutum a wani gari, shekarun baya, lokacin da motoci masu sarrafa sanyinsu da kansu suka fara shigowa. Kada ku tambaye ni sunan garin, ba zan faɗa ba. Sunansa Isyaku, bakanike ne, amma gyaran esin mota, wato na'urar sanyaya ta, kawai yake yi. Rumfarsa ce ta ƙarshe a layin masu gyara, kwano huɗu da benci ɗaya. Bawan Allah ne mai sanyin hali, abokan sana'arsa har tsokanarsa suke wai kafin ya gama duba mota ɗaya su sun sallami biyar.

To, ku saurara. A garin akwai wani attajiri, Alhaji Mudi, yana da direba dattijo mai suna Lado, shekara goma sha tara yana jan sa. Alhaji ya sayi irin motar nan da za ka danna mata lamba, ita ta san yadda za ta yi da sanyin. Ana nan sai esin ya fara wani hali. Da safe lafiya lau, da yamma lafiya lau, amma da rana ta take sai sanyin ya yi rauni, Alhaji ya riƙa jiƙewa da gumi cikin babbar riga.

Sau uku yana tura Lado wajen masu gyara. Kun san al'adarmu ai. Mota ta ƙi sanyi? A ƙara gas. Ba a tambaya, ba a dubawa, a ƙara gas! Na farko ya ƙara, na biyu ya ƙara, na uku ma ya ƙara. Abu ya ƙara lalacewa, har ya zama da rana iska mai zafi take busowa. Sai wani abokin Alhaji, irin masu bakin nan, ya raɗa masa cewa ai direbobi haka suke, an haɗa baki da bakanike an cire kwampreso mai kyau an sa tsoho. Kwampreso shi ne injin da ke tura gas ɗin.

Alhaji ya hau kan maganar. Ya sa Lado ya ja motar har rumfar Isyaku, ya fito a gaban jama'a yana faɗa. Ya ce a duba masa, in an canza kwampreso a sa sabo ko nawa ne, shi kuma wannan tsohon direban yau zai ajiye makulli, kuma sai kowa ya san ɓarawo ne. Ya ƙara da cewa in aikin ya yi kyau, duk motocin gidansa nan za a riƙa kawowa. Lado na tsaye, hula a hannu.

Jama'a, ku duba wannan jarrabawa. Kalma ɗaya ake nema a bakin Isyaku. Ya ce "an canza", ya sayar da sabon kwampreso, ya samu babban mai gida. Wa zai kama shi? Babu. Kai da ke gyangyaɗi a bayan ginshiƙi, da kai ne me za ka ce?

Isyaku ya ce a ba shi lokaci. Ya buɗe bonet, ya duba kusoshin kwampreso, ya ga ƙurar da ke kansu ba ta taɓa ganin sifana ba. Ya ɗaura geji mai auna gas, allura ta haura sama fiye da ƙima. Gas ya yi yawa, shi ya sa in zafi ya yi injin ke yanke kansa don kada ya fashe. Ya rage gas ɗin daidai. Wani da nan zai tsaya. Shi kuwa ya ce a ransa, to kafin a fara ƙara gas ɗin, mene ne ya fara kawo raunin?

Sai ya yi abin da ba wanda ya yi. Ya jawo benci ya ce wa direban, "Baba, zauna. Yaushe abin ya fara?" Lado ya yi tunani ya ce tun makon da Alhaji ya dawo daga Umara. Isyaku ya fitar da motar daga inuwa, ya ajiye ta a tsakiyar rana, ya shiga ya rufe gilashi ya zauna. Yana kallo, yana saurare, yana sa hannu a bakin iska. Kusan awa guda. Alhaji na ta duba agogo yana tsaki.

Can idonsa ya sauka kan wani kafet mai laushi, ja, mai geza, da aka shimfiɗa a kan dashbod. Ya ɗaga shi. A ƙarƙashi, gab da gilashin gaba, ga wani ɗan abu baƙi kamar maɓallin riga. Wannan shi ne idon da motar ke ganin rana da shi. In ya ga rana ta yi ƙarfi, sai ya gaya wa esin ya ƙara himma. An rufe shi, motar tana zaton kullum a inuwa take. Yana janye kafet ɗin, ba a jima ba fanka ta tashi da ƙarfi, sanyi ya cika motar.

Kafet ɗin kuwa Alhaji ne ya sayo shi a wajen Umara, shi ya shimfiɗa da hannunsa.

Wallahi abin da Isyaku ya yi bayan nan ya fi burge ni. Bai ɗaga murya ba, bai tara mutane ba. Ya kira Alhaji cikin motar, ya rufe ƙofa, ya nuna masa a hankali, ya rufe idon ya buɗe, ya rufe ya buɗe, har ya gane. Alhaji ya ji kunya, ya ce to shi ke nan, a bar maganar a nan. Isyaku ya ce, "Ranka ya daɗe, maganar kafet ba wanda zai ji daga bakina. Amma a gaban mutane ka kira shi ɓarawo. A gabansu za ka wanke shi."

Alhaji ya buɗe ƙofar motar. Sannan ya fito, ya kama hannun Lado, ya ce shi ya yi kuskure, dattijon nan bai taɓa masa komai ba. Lado ya zauna a kan benci ya rufe fuska da hula yana kuka. Ya ci gaba da aikinsa har ƙarfinsa ya ƙare, ba wanda ya taɓa nuna 'ya'yansa da yatsa.

Kuna jira in ce Isyaku ya yi arziki? Bai yi ba. Alhaji bai sake kawo masa mota ba, kunya ta hana shi. A rumfar nan ya tsufa.

'Yan'uwa, darasin a fili yake. Kada ka yanke hukunci a kan mutum kafin ka bincika, kuma in za ka bincika ka fara da abin da hannunka ya yi. Kai mai sana'a, in ba ka gano cuta ba ka ce ba ka gano ba, kada ka yi ta ƙara gas. Kuma ranar da mutuncin wani ya rataya a kan kalmarka, ka faɗi gaskiya ko za ka rasa ciniki. Da yawanmu a nan akwai wanda muka zarga a gida ko a kasuwa, daga baya muka gane ba shi da laifi, muka yi shiru. Yau kafin magariba ka je ka same shi, a gaban waɗanda suka ji zargin. Allah Ya ba mu ikon yi.