Sabon Zakara a Ƙarƙashin Kwando

Akwai wani mutum mai kaji tara da zakara ɗaya. Zakaran ya tsufa har cararsa ta koma kamar tarin dattijo. Kaji sukan kwanta a kan ƙwai kwana ashirin da ɗaya, su tashi su bar baragurbi. Shekara guda gidan bai ji kukan ɗan tsako ba.

Sai mutumin ya tafi wurin surukinsa, ya roƙo wani jan zakara matashi, mai zanko a tsaye. Ya shigo da shi a hammata yana murmushi.

Matarsa ta ce, "Maigida, ka kife shi da kwando a tsakar gida kwana uku, su saba ganinsa tukuna."

Ya ce, "Uwargida, wannan ba na kwando ba ne. Bari maƙwabta su ji cara irin ta gaske."

Ya sake shi nan take. Sabon zakara ya miƙe wuya, ya buɗe baki. Bai kai rabin cara ba tsohon ya dira a kansa, kajin ma suka taya, har da gurguwar da ba ta iya korar ƙuda. Suka caccake masa zanko. Ya tashi fir, ya haye kan rumbu. Kwana biyu yana can, ba ci ba sha, yana leƙen bayan katanga kamar mai neman hanyar gida.

Mutumin ya husata, ya ɗauko wuƙa. Ya ce, "Yau tsohon nan zai kwana a miya."

Matar ta ce, "In ka yanka shi, wa zai yi wa kaji ihu in shirwa ta kawo hari? Baƙon naka ko inda ake ɓuya bai sani ba. Ba laifin tsoho ba ne, gidansa yake tsaro. Ajiye wuƙa, ɗauko tsani."

Ya sauko da zakaran, ya kife shi da kwando, ya ɗora dutse. Kowace safiya matar takan zuba tsaki a bakin kwandon, rabi ciki, rabi waje. Ranar fari tsohon ya yi ta zagaye yana harara. Rana ta biyu yunwa ta fi fushi ƙarfi, ya ci. Rana ta uku suna ci baki kusa da baki, kwando ne kawai a tsakani.

Da aka ɗaga kwandon, tsohon ya dubi baƙon, ya tona ƙasa sau biyu, ya wuce abinsa. Kafin kaka, 'yan tsaki sun hana mutumin wurin shimfiɗa tabarma.

Ma'anar misalin nan ita ce: tsakar gidan nan ita ce ikilisiyarmu. Sabon zakara shi ne wanda Ubangiji ya kawo mana, ko sabon tuba, ko wanda aiki ya kawo garinmu. Wani lokaci mukan yi garajen maigidan, mutum ya zo yau, gobe mu tura shi gaban mawaƙa. Wani lokaci kuma mu ne kajin. Baƙo ya zauna a bencin da muka saba, sai mu cake shi da ido har ya manta addu'ar da ya zo yi. Kowa ya daina waiwaye, ban kira suna ba.

Kwandon shi ne haƙuri. Tsakin nan kuwa tuwon gidanka ne. Da wuya ka caki wanda kuka sa hannu a akushi ɗaya da shi sau uku. Ku tsofaffi, ba wanda zai sa ku a miya, ku kuka san inda shirwa take fitowa. Amma gidan da ya kori baƙo, baragurbi zai yi ta ƙirgawa.

Mu ma baƙi ne dā, Almasihu ya karɓe mu bai cake mu ba. In an tashi sujada yau, ka duba wanda yake tsaye shi kaɗai a bakin ƙofa. A kan rumbu yake. Ɗauko tsani.