Ranar da Gizo Ya Kira Balbela Gonarsa

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Akwai wani a garin nan, ba zan kama suna ba, wanda in ɓera ya dame shi a ɗaki sai ya cinna wa jinka wuta, ya fito yana jiran a yaba masa dabara. Ya san kansa. Labarin kakansa zan ba ku.

Wata damina Gizo ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya yi noma. Gero ya yi kyau, ya fid da kai, sai ga fara ta sauka a gonar. Rumbu kuwa ko ɓera ya daina leƙa shi. Matarsa Ƙoƙi ta ce, "Maigida, in geron nan ya tafi, tafasa za mu ci har baɗi."

Gizo ya gangara fadama. Ya tarar da Balbela a bayan Saniya, fara tas kamar ba ta taɓa taka ƙasa ba. Saniya ta ɗaga ƙafa, fara ta tashi daga ciyawa, Balbela ta yi caf. Ta sake ɗagawa, caf. Ba gudu, ba gumi.

Gizo ya ce, "Ranki ya daɗe, mai fararen kaya. Fara ta cika mini gona, ki zo ki ci kyauta."

Balbela ta dube shi da ido ɗaya. "Ka taɓa ganin na bi fara da gudu? Wadda ke kwance ba ruwana da ita, sai an tayar mini. Wa zai tayar?"

"Ni mana! Saniya ƙafa huɗu gare ta, ni takwas."

"Allah Sarki. To mu je, mai takwas."

Ranar farko Gizo ya shiga gona yana buga ƙafa iya ƙarfinsa, Balbela na biye. Ko ganye bai motsa ba. Wata ƙatuwar fara ma ta leƙo ta ce, "Malam, matsa, ka tare mini rana."

Rana ta biyu ya ɗaura ɓawon gyaɗa a kowace ƙafa, wai kofato. Ya kafa ƙaya biyu a ka, wai ƙaho. Ya shiga yana kukan shanu da 'yar muryarsa. Fara suka yi ta dariya da gero a baki. Balbela ta ce, "Yau kam ka zama saniya. Saura nono."

Da ya koma gida Ƙoƙi ta ce, "Ka yi hayaƙi, ka kaɗa gwangwani kamar kowa mana."

"Kamar kowa? Ni Gizo? Ke dai ba ki san dabara ba."

Rana ta uku ya je wurin Saniya da kansa. Ya ce, "Gwaggo, ina gayyatarki gonata."

Saniya ta daina tuƙa. "Gonarka?"

"Ita."

"Ta gero?"

"Ita dai."

"Ni? In shiga ciki?"

"Kurma ce ke? Ki shiga ki yi ta yawo!"

"To ni kaɗai, ko da 'yan'uwa?"

"Kowa da kowa! Yawan ƙafa, yawan farar da za ta tashi."

Da hannunsa ya buɗe shinge. Garke ya shiga, Balbela ta kirawo danginta, gona ta yi fari fat. Fara na tashi, ana caf, caf, caf. Gizo ya haye kan suri yana tafi yana yi wa kansa kirari: "Gizo na Ƙoƙi, mai sa tsuntsu aikin gayya!" Idonsa na sama wurin tsuntsaye. Bai dubi bakin shanu ba ko sau ɗaya.

Da la'asar babu fara ko ɗaya a gonar. Gizo ya sauko ya duba geronsa, sai ya ga fili fetal, ana hango gidansa daga nan.

"Balbela! Ina gerona?"

Balbela tana gyaran gashi ta ce, "Fara ka ce in ci. Nemo mini guda da ta rage."

"To su waɗannan shanun fa?"

"Ni tun da nake bin Saniya ban taɓa tambayarta abin da take ci ba, don ba ni da gona. Kai mai gona, ka tambaya?"

Saniya ta wuce ciki ya yi tim, ta ce, "Mun gode, Gizo. Ga taki nan mun bar maka. Baɗi ma kada ka ji nauyin kiranmu."

Ƙoƙi ba ta yi faɗa ba. Ƙwarya ta miƙa masa, ta ce, "Ungo, mai dabara. Tafasa na bakin rafi. Da ƙafa takwas ai ba za ka daɗe ba."

To kun ji. Kafin ka kira mai taimako, ka dubi wanda yake bi a baya, ka kuma tambayi abin da shi wancan yake ci. Maganin da ya kashe ciwo ya haɗa da mai ciwon, sunansa guba.

Ƙungurus kan kusu, na sauke ta nan. Wanda ya ce jikokin Gizo sun ƙare a garin nan, ya miƙe tsaye ya ƙaryata ni ina kallonsa.