Mai Lemo da Fartanyarsa

Akwai wani mutum wanda mahaifiyarsa ta dasa masa itacen lemo a bayan ɗaki, a shekarar da ta rasu. Ba shi da wani abu nata sai wannan itace, yana kuwa ƙaunarsa ƙwarai.

Shi mutum ne mai son tsabta. Kowace Asabar yakan ɗauki fartanya ya tone gindin lemon, ya gyara masa gurbin ruwa mai zurfi. In ya ga waɗansu siraran saiwoyi farare kamar zare, sai ya tsinke su ya yar, yana tsammani na ciyawa ne.

Da damina ta faɗi, itatuwan maƙwabta suka yi toho, nasa kuwa shiru. Ganyen ya soma yin rawaya yana zuba. Ya ƙara taki, ya ƙara ruwa, duk a banza. Ya ce a ransa, "Ashe lemon Mama a hannuna zai mutu."

Wata Asabar matarsa ta tsuguna kusa da shi. Ta kama zare ɗaya, ta bi shi da yatsa a hankali, har ya kai ta ga babbar saiwar lemon.

Ta ce, "Baban Rahila, zo ka ga uwar ciyawar taka."

Ya duba, ya gane ɓarnar da ya yi. Ya ce, "To, yanzu me zan yi masa?"

Ta ce, "Ka ba ni aron fartanyar nan. Gyaɗata na bukatarta."

Ya mai da ƙasa, ya rufe da busasshiyar ciyawa, ya bar wurin. Asabar takan zo, hannunsa yana ƙaiƙayi, amma ya daure. Kafin ruwa ya ɗauke, ƙananan idanu suka buɗe a jikin rassan, sabon ganye ya fito.

Ma'anar wannan misali ita ce: masana tsirrai sun ce a bakin waɗannan siraran saiwoyi ake yin wani sinadari mai suna saitokinin. Yana bin ruwa ya hau sama, ya ta da tohon da ke barci, ya sa reshe ya ƙaru, ya hana ganye tsufa da wuri. Haka Allah ya shirya, cewa abin da ke raya ganye daga ɓoye yake fitowa.

Saiwoyin nan su ne addu'arka a ɗaki, da zamanka shiru a gaban Ubangiji. Ba mai ganinsu, shi ya sa in hidima ta yi yawa, su muke fara tsinkewa. Ɗan'uwa, in ganyenka ya soma rawaya, kada ka ƙara aiki tukuna. Ka duba abin da fartanyarka take yankewa.