Buhunan Yashin Barau

Akwai wani manomi a wani ƙauye kusa da Bunkure, sunansa Barau. Gonarsa ce ta farko a bakin ƙaramin kanal na ban ruwa, sai ruwa ya wuce ta gabansa kafin ya kai ga kowa.

A ranin shekarar 2004 manoman layin kanal ɗin suka raba kwanakin ban ruwa. Asabar da Lahadi na mutanen sama, Litinin da Talata na mutanen ƙasa. Can ƙarshen layi akwai Tambaya, wadda mijinta ya rasu, ita ke noman tumatirin da ke ci da gidanta.

Barau ya dasa shinkafa. Ran Litinin ya jera buhunan yashi a cikin kanal, ya juya ruwan duka zuwa gonarsa.

Sai da aka yi mako biyu a haka. Tumatirin Tambaya ya fara zubar da fure. Ta kai kuka wajen Malam Datti, shugaban manoman layin, suka zo tare.

"Barau, yau ba ranarka ba ce. Cire buhunan nan," in ji Malam Datti.

"Baba Datti, soja sun tafi, yanzu zamanin 'yanci ne. Gonata ce, buhunana ne. Wa na daka?"

Tambaya ta ce, "Kwana ɗaya kawai, ɗan nan. Ko rabin yini."

"Inna, ni na ce mijinki ya sayi gona a ƙarshen layi?"

Suna juya baya ya ƙara buhu huɗu a kai.

Da azahar aka ƙaro ruwa daga babban kanal. Ya zo ya tarar ba hanya, ya cika, ya fasa gefe, ya kwashi yashi da laka ya binne shinkafar Barau. Ma'aikatan kanal suka rufe ƙofar ruwan kwana tara ana gyara. Tumatirin Tambaya ya ƙone ƙurmus.

Barau ya je ƙofar gidanta ya durƙusa yana neman gafara.

Ta ce, "Na yafe, don Allah ba don kai ba. Amma tashi mu je gonar. Kai za ka tuge ƙonannun tumatirin nan da hannunka, ɗaya bayan ɗaya, ina tsaye."

Haka kuwa aka yi.

Darasi: 'Yancin da zai hana maƙwabcinka ruwa zalunci ne, ko da a cikin gonarka ka tsaya ka yi shi. Ku tura wa masu cewa ba ruwan kowa da su, su ji tsoron Allah.