Kurege da Ƙasar Bayan Ruwa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu gyara zama.

Kurege ne, yana zaune lafiya a raminsa a gindin tsamiya, sai Shamuwa ta dawo da farkon damina, ta sauka a reshe tana ba da labarin ƙasar Bayan Ruwa. Ta ce can gyaɗa a ɓare take, a soye, har da gishirinta. Ta ce can ba a noma, ba a zufa.

Tun daga ranar Kurege bai sake zama daidai ba. Ya kwanta, Bayan Ruwa. Ya tashi, Bayan Ruwa. Ya koma magana ta hanci, wai haka mutanen can suke yi, alhali bai taɓa jin muryar ko ɗayansu ba. In aka ba shi ƙuliƙuli sai ya yatsina fuska, ya ce a can ko kaji ba a ba wannan, sannan ya cinye.

Da kaka ta yi, Shamuwa ta yarda za ta goya shi in zai kawo guzurin mutum biyu. To, wanda ya wuni yana mafarki bai yi noma ba, rumbunsa wayam. Sai ya tafi wurin Kura, ya durƙusa, ya ce a Bayan Ruwa raguna wutsiya bibbiyu gare su, in ta ba shi kilishin hanya zai yo mata tsarabar rago ɗaya. Kura ta haɗiye yawu, ta ɗaure masa kilishi a takarda.

Ta ce, "In ka dawo hannu rabbana, kai ne tsarabar."

Suka tashi. Suna tafiya, Kurege na ci. Suna tafiya, Kurege na ci. Kafin su ƙetare kogin farko ya cinye nasa, ya cinye na Shamuwa, ya lashe takardar. Shamuwa ta yi tafiyar da yunwa da haushi, suna isa ta karkaɗe shi a kan bola, ta yi gaba.

Sanyi ya fara yi masa maraba. Gyaɗa kuwa ga ta nan, a ɓare, a soye, amma a bayan gilashi. Ya kai baki, ya bugi hanci. Ya sake kaiwa, ya sake bugawa. Karnukan ƙasar riguna suke sawa, sai ya ɗauka masu ilimi ne, ya tsaya zai gaishe su ta hanci. Ashe haƙoran irin na gida ne.

Gudu ya kai shi cikin kwata, nan ya yi karo da Gafiya, ɗan garinsu, wanda a gida ake cewa ya yi gidan bene.

Kurege ya ce, "Yaya, ina benen?"

Gafiya ya ce, "Ɗaga kanka. A ƙarƙashinsa muke."

Kurege ya tambaye shi me ya hana shi komawa gida. Gafiya ya ce da wace fuska, bayan duk saƙonnin jin daɗin da ya aika?

Haka Kurege ya ci rani yana lasar leda, har ya rame kamar tsinke. Da damina ta gabato ya nemo Shamuwa. Ta ce ko kallonsa ba ta son yi. Ya ce, "Hajiya, a gida an fara cewa labarinki ƙarya ne. Shaida kike bukata, ga ni kuma ba nauyi." Shamuwa ta sauke fiffike.

Suna sauka, ga Kura a gindin tsamiya, ta dubi hannunsa, ta dubi wuyansa. Kurege ya gyara murya, ya ce ramar nan ado ce, a can talaka ne kawai ke ƙiba. Rago kuwa ya bari ne da gangan, don abin da ya kawo mata ya fi rago.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, Sarkin Fawa suke nema. Nama ya yi musu yawa, ba mai gadi. Na ba da sunanki."

Shamuwa ta gyaɗa kai daga sama. Kura ko sallama ba ta tsaya yi ba, ta kama hanya a ƙasa.

Har yau ba ta dawo ba. Amma ta aiko a gaida kowa, wai tana jin daɗi ƙwarai.

Ƙurunƙus kan kurege. Wanda duk zai tafi ƙasar da yake ƙauna, ya bar ƙofar raminsa a buɗe, ya kuma tanadi ƙaryar dawowa tun kafin guzuri.