Gugan Fari na Kufan Gwanki

Ranar Laraba, tara ga watan Safar na bana, wani ɗan kwangilar hanya ya sa katafila ta fasa kwamin dutsen da ke Kufan Gwanki, aka niƙe shi tsakuwa. Da aka tambaye shi dalili, sai ya ce bai ga komai a wurin ba sai tarin duwatsu. To, ga abin da bai gani ba.

Tun kafin a kewaye garuruwan ƙasar nan da ganuwa, tsaunin Gwanki ƙungurmin daji ne, ba mai shigarsa sai wani maharbi mai yatsu shida, Cindo. Kirarinsa: Cindo gagara daji, kibiya ɗaya nama biyu, na Larai dodon mazan gwanki.

Wata shekara ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, har ƙasan rafuka ya tsattsage. Cindo na sanɗa a gindin tsaunin sai ya ji nishi cikin wani kogo. Ya leƙa, ya ga mutane a kwance kamar sararrun itatuwa, leɓunansu sun daddare. Masu zuhudu ne da suka taso daga yamma neman wurin halwa, babbansu wani tsoho, Malam Yahuza Bawangare. Wasunsu sun riga sun cika, sauran ba su da ƙarfin tona kabari.

"Bawan Allah," in ji tsohon da ƙyar, "ko da na jiƙa maƙoshi."

"Malam, wa ya aike ku? Kura ma ta yi ƙaura daga nan, ku kuka zo zama?"

"Bar faɗan sai mun sha, ɗana."

Cindo ya san inda ruwa yake, wani tsagi ne a bayan tsaunin inda gwanki ke tono da kofato. Amma ranar da aka damƙa masa baka ya rantse a kan kwarin ubansa: maharbi ba ya nuna wa ɗan Adam mashayar dabbobi, wanda ya nuna kuwa ya ajiye baka har abada. Shi ko ba gona, ba wata sana'a, ga matarsa Larai da yara suna jiran nama a shekarar da babu hatsi. Ya juya ya yi tafiyarsa.

Bai yi nisa ba ya waiwaya, ya ga ungulaye sun fara sauka a bakin kogon. Ya komo a guje, ya ɗora bakan a gwiwa ya karya, hawaye na bin gemunsa. Ya goya masu sauran rai ɗaya bayan ɗaya zuwa tsagin, ya yi ta tono da kan kibiya da hannu har faratansa suka cire. Ruwa ya ɓulɓulo. Tsofaffi sun ce garken gwanki ya tsaya kewaye da shi yana kallo, ba wanda ya gudu.

"Malam, ruwan nan aro ne," in ji Cindo. "Gugan fari na kowace safiya na masu shi ne."

Ya fafe dutse ya yi wa dabbobin kwami. Kafin damina ta kewayo, yunwa ta ɗauke masa 'ya'ya biyu, amma bai sake taɓa baka ba. Masu zuhudun suka mai da tsagin rijiya, suka kafa zawiya a wurin, shi ya zama mai jan ruwanta har ya rasu.

Zawiyar ta bunƙasa. Aka gina ɗakunan halwa na dutse da masallaci da rumbuna, fatake na yada zango, ba a korar baƙo. Ta yi ƙarnuka a haka, sannan mahara suka ƙone rumbunan, annoba ta biyo baya, na ƙarshen mazaunanta suka binne 'yan'uwansu suka watse. Abin da ya rage shi ne guntun katanga, da alamar alƙibla, da rijiyar da ba ta taɓa ƙafewa ba, da kwamin. Mutanen Unguwar Cindo da ke kusa da kufan ba su taɓa fasa zuba gugan fari a cikinsa ba. Yanzu a ƙasa suke zubawa, ƙasa ta shanye, birai da zabin daji su sauko su tarar da taɓo.

Ba za a mayar da tsakuwa kwami ba, kowa ya sani. Abin da mutanen Unguwar Cindo ke nema shi ne ɗan kwangilar nan ya zo da ƙafarsa ranar kasuwa, ya tuɓe takalmi a bakin rijiyar, ya janye kalmar "tarin duwatsu", ya roƙi gafara da bakinsa a gaban jama'a.